Ɗinkin Da Ba Nawa Ba

Ni tela ne a kasuwar Garwa,
rumfa ta uku daga masu kanwa.
Shekara goma sha tara ina yanka ina haɗawa,
ban taɓa tsoron almakashi ba
sai ranar da aka miƙo mini takarda
aka ce: sa hannu, za a buɗe Ɗahiru.

Tun yana zanen goyo
cikinsa ba ya sakin abin da ya karɓa.
Kwana shida. Kwana tara.
Uwarsa Dudu na ja da gawayi a bayan ƙofa
kamar mai bin bashi.
Ƙofa ta yi baƙi, bashi bai fito ba.
Mun jiƙa tsamiya. Mun dafa filasko.
Kakarsa ta aiko da man shanu daga Pitowa
da wata saiwa mai ɗaci da ta ƙi faɗin sunanta.
Ciki ya zama tulu, ƙafafu suka zama kara.
Wandon da na ɗinka masa na ƙaramar salla,
ƙugu ya matse, cinya na iyo.

Ciwo ne da ba a kai wa majalisa.
Ana gaida mai zazzaɓi, ana jajen karaya,
amma wa zai tsaya ƙofar masallaci ya ce
ɗana ya kwana goma bai zaga ba?

Dakta Jonga ba ta jin Hausa sosai.
Da Fillanci, da biro, a bayan ambulan,
ta zana mini hanji kamar zariyar wando.
Ta ce: ƙarshen nan ba ya turawa,
haka ya zo duniya.
Ba maye ba ne, ba nonon uwa ba ne.
Dudu ta juya ta fuskanci bango,
shekara uku ke nan tana goye da wannan zargi.
Ta ce: za mu cire kamar taƙi guda,
mu jawo mai rai, mu haɗa.
Na ce a raina, ai wannan aikina ne,
sai dai ni yadina ba ya numfashi.

Na jinginar da kekena.

Aikin farko: ƙofa a gefen ciki, da jakar leda.
Wata huɗu yaran layinmu na toshe hanci.
Na aro keken maƙwabci da dare,
da ƙyallen atamfa mai tsuntsaye
na ɗinka wa jakar riga, maɓalli biyu.
Ya riƙa nuna wa baƙi: ga aljihuna.

Aiki na biyu ya faɗo cikin bazara,
Binuwai ta janye, yashi ya yi fari.
Awa huɗu kan benci ƙarƙashin dalbejiya
ina jan tef ɗin awo kamar carbi,
daga ɗaya zuwa sittin, in komo.

Kwana uku ba ci, sai ruwa ta jijiya.
Na huɗu, kafin kiran assalatu,
wata ƴar ƙara ta fito ƙarƙashin mayafi.
Nas ta tafa.
Sai wari.
Wallahi ban taɓa shaƙar turaren da ya kai shi ba.
Dudu, wadda ko sunana ba ta kira a gaban mutane,
ta rangaɗa guɗa har ɗakin masu karaya.

Yanzu yana da biyar.
Wani lokacin yakan ɓata wando,
likita ta ce a yi haƙuri, hanji ma koyo yake.
Keken bai dawo ba tukuna, saura jaka goma sha biyu.

In ya yi barci nakan ɗaga rigarsa
in duba aikin da idon sana'a.
Layin ya ɗan karkace wajen cibiya.
Da yaron shagona ne, da na ce warware.
Na sa yatsa na bi shi a hankali,
tabo goma sha ɗaya,
ciki na hawa yana sauka a ƙarƙashinsa,
laushi kamar gurasar safe.